Littafin shirin gasar harbin nesa ta watan Afrilu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Kwamitin ƙungiyarmu ta maharba ya zauna yau da hantsi, an kuma tsayar da rana: Asabar 26 ga Afrilu, in Allah ya kai mu. Gasa ce ta yini guda, ta harbin faranten ƙarfe daga yadi 300 zuwa yadi 1000, a wani gandun kiwon shanu yamma da Fort Worth a jihar Texas. Ni aka ɗora wa jagorancin shirin. Na karɓa bisa sharaɗin cewa a cikin maharba sittin da muke nema, ashirin za su kasance mutanen da ba su taɓa shiga gasa ba.

Irin wannan gasa ta bunƙasa a Amurka tun daga 2012, shekarar da aka kafa Precision Rifle Series, jerin gasannin harbin nesa, wadda kowa ke kira PRS. Ta sha bamban da tsohon salon Camp Perry ta jihar Ohio, inda ake gasar ƙasa tun 1907, ko na Bisley a Ingila, inda ake harbin takarda a tsanake. A namu salon, maharbi yana zagaya tasha goma. Kowace tasha ana ba shi harsashi goma ko kusa da haka, da minti ɗaya da rabi zuwa minti biyu. Wani lokaci ya ɗora bindiga a kan tayar tarakta, wani lokaci a kan tsani ko dutse ko rufin kwano da aka kafa a ƙasa. Ya samu faranti, maki ɗaya. Ya kuskure, babu komai.

Ƙwararru ba sa buƙatar roƙo. Da zarar sun ji an kafa ƙarfe a yadi dubu za su zo ko daga Oklahoma ne. Abin da ke damuna shi ne fuskokin da nake gani a gasannin yankinmu su ne dai na shekarun baya, sai ƙarin furfura.

Lahadi, 19 ga Janairu

Mun zagaya filin tare da mai gandun. Dattijo ne mai kaifin ido, bai tambaye mu kuɗin haya ba sai da ya gama tambayar abin da ke bayan kowane faranti. Yana da gaskiya. Harsashin da ya tsallake tudu yana iya yin tafiyar kilomita da dama kafin ya faɗo, saboda haka duk inda za mu kafa ƙarfe sai da tudu ko gangaren dutse a bayansa. Wani wuri mai kyau a gefen kudu mun haƙura da shi, domin akwai hanyar mota a can bayan tsaunin.

Sharuɗɗansa: za a kwashe shanu zuwa makiyayar arewa tun ranar Alhamis, za mu kawo takardar inshora da sunansa a ciki, kuma ba a shigo masa da harsashi mai cibiyar ƙarfe ko mai fitar da wuta. Tsoron gobara a nan ba na wasa ba ne. A Fabrairun bara gobarar Smokehouse Creek ta cinye fiye da eka miliyan ɗaya a arewacin jihar, ita ce mafi girma a tarihin Texas. Ba harbi ne ya tayar da ita ba, amma duk mai kiwo a jihar nan yana kallon busasshiyar ciyawa da wani ido daban tun lokacin. Mun yi alkawarin yanke ciyawa a kewayen kowane faranti, da ajiye tankin ruwa a bayan a-kori-kura. Idan ƙaramar hukuma ta hana kunna wuta a waje a makon gasar, mai gandun ne zai yanke hukuncin ko a yi ko a ɗage.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Gardama mai zafi a kwamiti kan girman faranti, kuma ita ce gardamar da ta fi muhimmanci a duk shirin.

Maharba suna auna faranti da ma'aunin kusurwa da ake kira MOA. MOA ɗaya ya ɗan ɗara inci ɗaya a yadi 100, ya zama kusan inci shida a yadi 600, inci goma da rabi a yadi 1000. A manyan gasanni faranti yakan kasance tsakanin MOA ɗaya da biyu. Wato a yadi 600 mutum yana neman ƙarfen da faɗinsa bai wuce inci shida zuwa goma sha biyu ba, bindigarsa tana kan katako mai rawa, agogo yana tafiya. Manyanmu biyu sun dage a tsaya a kan wannan ma'auni. Hujjarsu ita ce idan faranti ya yi girma, gwanaye biyar za su tashi da maki ɗaya, a rasa zakara, kuma ƙwararru za su raina gasar su daina zuwa.

Ban raina hujjar ba. Amma na sha tsayawa a bayan sabon maharbi yana harba harsashi goma babu ƙara ko ɗaya, ya tafi tasha ta gaba a maimaita, har azahar bai ji ƙarfe ya amsa masa ba. Mutumin nan ya biya kuɗin rajista, ya ƙona harsashin da kowane ɗaya ya kusa dala biyu, ya tuƙo mota tun asuba. Da yamma zai yi sallama cikin mutunci, ba kuma za a sake ganinsa ba. Abin da ya fi muni, bai koyi komai ba, domin a ciyawa mai tsayi ba ya ma ganin inda harsashinsa ya sauka, balle ya gyara.

Matsayar da muka cimma: a tasha bakwai cikin goma za a kafa faranti biyu a kowace tazara, babba na MOA uku da ƙarami na MOA ɗaya da rabi. Rukunin sababbi su harbi babba, sauran su harbi ƙarami. Tasha ɗaya, agogo ɗaya, kowa da abin da ya fi ƙarfinsa kaɗan. Burina shi ne sabon maharbi ya tashi da akalla rabin makinsa, wanda ya ci gasar kuma ya samu wajen kashi tamanin cikin ɗari. Wannan tsari zai kusa ninka ƙarfen da muke buƙata, ma'aji ya ɓata rai, amma ya sa hannu.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An buɗe rajista a PractiScore, shafin intanet na rajistar gasannin harbi, ranar Litinin. Zuwa daren jiya mutum ashirin da takwas sun shiga, duka na san su, duka tsofaffin hannu ne. Sabo ko ɗaya babu. Na rufe gurbin ƙwararru a arba'in, sauran ashirin ɗin ba za a sayar wa kowa ba sai sabo, ko da kuwa za su zauna fanko har Afrilu.

Tun da aka buɗe nake tsayawa a layin yadi 100 na ƙungiyarmu, inda mafarautan barewa ke zuwa daidaita saiti, ina tambayarsu abin da ya hana su shiga. Kuɗi ne farkon abin da suke ambata. Sun ga bidiyon mutane da bindigogin 6mm Dasher da 6 GT (sunan harsashin da suke ɗauka ke nan) masu nauyin kilo tara ko goma, da madubin hange wanda ya fi tsohuwar mota tsada, sun ɗauka sai da irin wannan ake shiga. Amma idan hira ta yi nisa sai ainihin dalilin ya fito, wato kunya. Magidanci mai shekara hamsin, wanda yake harbi tun yana yaro, ba ya son ya durƙusa gaban baƙi yana laluben inda faranti yake har agogo ya buga.

Ga abin da na rubuta a sanarwar da muka sake fitarwa, a Facebook da kuma takardar da muka manna a shagunan bindiga na garuruwan kusa. Duk bindigar da ke iya tara harsashi biyar cikin inci ɗaya da rabi a yadi 100 ta isa, ko .308 ce ta farauta, ko 6.5 Creedmoor ta kanti. Wanda ba shi da ita, membobi huɗu sun ba da aron nasu. Jakar yashi da na'urar auna iska ta Kestrel da madubin auna tazara duk za a samu a kowane ayari, kada kowa ya saya. Sannan mafi girma: a rukunin sababbi an halatta koyarwa agogo na tafiya. Alƙalin tasha zai iya cewa ka yi hagu da yawa, ƙara riƙe dama, ko ya nuna wa mutum farantin da ya ɓace masa. A ƙa'idar manyan gasanni wannan haramun ne, mu kuwa gasarmu ba ta neman makin PRS, muna da 'yancin tsara namu.

Kuɗin rajistar sababbi mun rage shi da rabi.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Ƙarfen faranti ya iso, irin mai taurin nan da ake kira AR500, mai kaurin uku bisa takwas na inci. Mun yi yini muna yanka tsohon bel ɗin injin da za mu rataye faranten da shi, domin sarƙa harsashi ɗaya ke tsinka ta. Kowane faranti zai ɗan sunkuya gaba yadda tarwatsin dalma zai nufi ƙasa. Faranti biyu daga cikin manya sun zo da ramin ƙusa a karkace, kamfanin ya ce zai sake aikowa. Sababbi shida sun yi rajista.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya shiga, aikin fili ya koma safiya kawai.

Jiya mun yi buɗa-baki da jama'armu Hausawa mazauna Dallas da kewaye, na kawo maganar gasar. Matasa sun matso, amma wani dattijonmu ya ajiye cokali ya ce, "Ɗana, mu da kullum waya ke zuwa daga gida ana kukan 'yan bindiga, kai kuma yaranmu kake kira su koyi harbi?"

Maganar ta shige ni, domin ni ma irin wayar nan tana zuwa mini. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ban isa in ce damuwarka ba ta da tushe ba. Abin da nake roƙo shi ne ka zo ranar ka zauna a inuwa ka gani da idonka, in ya so ka yanke hukunci." Na bayyana masa yadda filin yake. Babu wanda ke yawo da bindiga mai harsashi. Sakatarta a buɗe take, gidan harsashi a cire, da 'yar tutar roba mai launi a cikin maƙogwaronta wadda kowa zai hango daga nesa. Ba a ɗura ta sai mutum yana kan layi alƙali ya ba da umarni, ba a rufe sakata sai bakin bindiga yana kallon faranti. Wanda ya nuna wa mutum bakin bindiga, ko ta tashi ba da niyya ba, gasarsa ta ƙare a take, ko shi ne zakaran bara. Alhaji ya ce zai duba. Bai ce ya yarda ba, ni ma ban matsa ba.

Na kuma gaya wa matasan abin da ya wajaba su sani kafin su yi ɗoki. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa mallakar irin waɗannan bindigogi ba abu ne na kowa ba, abin da galibinmu muka taso muna gani a hannun mafarauta bindigar toka ce. A nan doka daban take, amma tana da nata tarko. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya riƙe bindiga. Wanda yake kan bizar karatu ko ta aiki ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya faɗa cikin 'yan keɓantattun da doka ta lissafa, mafi sani a cikinsu shi ne mallakar lasisin farauta mai aiki. Ba zan karɓi rajistar ɗalibi ba sai na ga takardunsa, kuma na ce kowa ya tambayi lauyan shige da fice tukuna. Gasa ta yini guda ba ta kai a jefa karatun yaro cikin haɗari ba.

Mutum uku sun ba da suna, ciki har da wata ƙanwarmu ma'aikaciyar jinya. Ta ce, "Yaya, in dai akwai wata mace a ayarin zan zo." Akwai mata biyu cikin ƙwararrun da suka yi rajista, na roƙi ɗaya ta jagoranci ayarinta, ta amsa da murna.

Asabar, 22 ga Maris

Yau muka yi ranar koyo, wadda aka ɗage daga makon jiya saboda guguwar ƙurar da ta taso ranar 14 ga wata, ta haddasa haɗurra a kewayen Amarillo da gobara a Oklahoma. Sababbi goma sha uku suka zo. Mun yi amfani da ƙananan bindigogin .22 a yadi 50 zuwa 200. Harsashinsu arha ne, ba su da dukan kafaɗa, ga shi iska tana wasa da su a yadi 200 kusan yadda take wasa da babban harsashi a nesa mai yawa.

Na fara da faɗuwar harsashi, domin ita ce ke ba sababbi tsoro alhali ita ce mai sauƙi. Harsashin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007, yana barin baki da gudun ƙafa 2700 a daƙiƙa ko kusa da haka. Kafin ya kai yadi dubu ya yi wajen daƙiƙa ɗaya da rabi a sama, ya faɗo kimanin mita takwas ƙasa da inda aka saita shi a yadi 100. Adadin yana da ban tsoro, amma lissafi ne tsayayye. Ka auna gudun harsashinka, ka san tazara da zafin rana da tsayin wuri, manhajar waya za ta ba ka lambar da za ka murɗa a madubi. Yaro ma zai iya.

Iska ita ce aikin. Iskar kilomita 16 a awa da ke bugowa daga gefe tana ture wannan harsashi fiye da mita ɗaya da rabi a yadi dubu, na .308 kuwa fiye da mita biyu. Farantinmu babba a can faɗinsa bai kai mita ɗaya ba. Na'urar da ke hannunka iskar inda kake tsaye kawai take faɗa maka, harsashi kuwa zai ratsa kwari, ya bi gefen tsauni, kowane wuri da tasa iskar. Sai mutum ya koyi karanta ciyawa da ganyen itatuwa da ƙurar da harsashin na gabansa ya tayar. Fiye da duka sai ya koyi karanta kawalwalniya, wannan rawar zafi da ke tashi daga ƙasa. A madubi, idan ta miƙe sama tana tafasa, babu iskar gefe a wurin. Idan ta karkata, iska ta fara. Idan ta kwanta tana gudu kamar ruwan kwata bayan an ɗauke ruwan sama, to iskar ta yi ƙarfi. Na sa kowannensu ya zauna bayan madubi na tsawon lokaci ba tare da ya taɓa kunama ba, yana faɗin abin da yake gani, sannan wani ya harba mu ga ko ya canka.

Abin da na fi nanata musu: kada ka ɗaga kai bayan harbi. Ka tsaya a madubi ka ga inda ƙura ta tashi. Harsashin da ya kuskure ka ga saukarsa ya ba ka amsar na biyu. Shi ya sa na nemi a kankare ƙasa a gefen kowane faranti na sababbi, domin kuskurensu ya riƙa bayyana.

Ƙanwar tamu ta samu faranti na yadi 200 a harbi na huɗu, bayan ta gyara da kanta ba tare da an gaya mata ba. Kafin mu tashi mutum biyar suka yi rajista a waya.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Rajista: ƙwararru arba'in cif, da mutum tara a layin jira, sababbi goma sha shida. Masu jira sun fara kira suna neman a sakar musu gurabe huɗun da suka rage. Na ce sai ranar 19 ga wata.

Lissafin lokaci: ayari goma, mutum shida a kowane. Kowane maharbi daƙiƙa 105 a kan agogo, da shiri da tsince kwanso ya kama minti uku da rabi. Ayari zai gama tasha cikin minti ashirin da ɗoriya, da tafiya zuwa ta gaba a ce rabin awa. Tasha goma awa biyar ke nan idan babu farantin da ya faɗi. In aka fara ƙarfe takwas da rabi bayan jawabin tsaro, za a gama kafin iskar la'asar ta haukace. Sababbi za a raba su bibbiyu a kowane ayari, ba za a tara su wuri guda ba, kuma ba za su fara harbi a tasha ba sai sun kalli mutum uku sun yi.

Kyaututtuka ma mun sauya musu tsari. Al'ada ita ce a baje kaya a tebur, na ɗaya ya fara zaɓa, har a zo ƙarshe babu abin kirki. Mu kofi za mu ba na ɗaya zuwa na uku a kowane rukuni, kayan da shaguna biyu suka ba mu gudunmawa kuwa ƙuri'a za a jefa, alƙalai da masu aikin sa kai suna ciki.

Inda nake da giɓi shi ne alƙalai. Kowace tasha tana son mutum biyu, mai agogo da mai kallon faranti a madubi. Ashirin ake nema, goma sha uku ke hannu.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Jiya muka kafa tasha takwas, alƙalan da ke hannu suka harbe su don gwaji. Tashar tsani ta yi tsauri, babu wanda ya gama ta cikin lokaci, mun rage wuraren ɗora bindiga daga biyar zuwa huɗu. A yadi 1000 ba a jin ƙarar ƙarfe idan iska na kaɗawa, ƙananan harsasan 6mm kuma ba sa girgiza faranti sosai, don haka mun ɗaura fitilun da ke walƙiya idan an samu. Ɗaya ba ta aiki, za a canza batir a sake gwadawa.

Mun ga macizai masu ƙararrawa a wutsiya guda biyu a tarin duwatsun tasha ta shida, zafi ya fito da su. Za a ƙara wannan a jawabin tsaro, kuma babu mai sa hannu a ƙarƙashin dutse neman kwanso. Akwatin agajin gaggawa da maɗaurin tsayar da jini za su kasance a tasha ta ɗaya da ta biyar da ta goma. Na kai wa ofishin motar asibiti na yankin taswirar ƙofar gandun da lambobin wurin, domin waya ba ta kamawa a cikin kwarin, rediyon hannu za mu yi amfani da shi.

Sababbi sun kai goma sha takwas, alƙalai goma sha bakwai. An yi ruwa a makon nan, ciyawa ta yi kore, mai gandun ya ce hankalinsa ya kwanta. Alhaji ya aiko cewa a ajiye masa kujera, zai zo da jikansa su kalla. Saura tasha biyu, banɗakin haya, mai abincin rana wanda na roƙa ya tanadi na halal, da buga littafin tashoshi da za a aika wa kowa ranar Laraba kafin gasa. Gobe zan kira mutum biyun da suka zo ranar koyo ba su yi rajista ba, in ji abin da ya tsayar da su.